Hasashen dusar ƙanƙara: kwamfuta ce ko mutum ne?

Wani ɗan'uwa daga Ƙofar Ƙaura da yaronsa ke karatu a Amurka ne ya turo waɗannan tambayoyin.

Wai da gaske kwamfuta ce ke faɗin ranar da dusar ƙanƙara za ta sauka?

Eh, lissafin dai ita ke yi. Ana zuba mata bayanan tauraron ɗan'adam da na balan-balan da ake saki sama sau biyu kullum, ta lissafo inda iska da sanyi da danshi za su nufa. Manyan tsare-tsaren biyu ne, GFS na Amurka da ECMWF na Turai.

To me ya sa ake samun kuskure?

Saboda abin ba ya son wasa, digiri ɗaya ko biyu ya isa ya mayar da dusar ta zama ruwan sama, kuma in guguwar ta ɗan goce hanya garin da aka ce zai sha sai ya tsira maƙwabcinsa ya kwasa. A Janairun 2015 aka ce Niyok za ta samu santimita 60 zuwa 90, aka tsayar da jiragen ƙasa na ƙarƙashin ƙasa aka hana motoci fita, gari ya waye kusan santimita 25 kacal ta zuba. Guguwar ta karkata gabas, Boston ce ta sha sama da 60.

Laifin wa kenan?

Ni dai a ganina na mutane ne ba na na'ura ba. GFS ya nuna ƙasa da haka, amma masu hasashen sun fi yarda da na Turai, kada a manta shi ya yi daidai a guguwar Sandy ta 2012 ya yi suna. Abin da ya fi ɓata min rai ma, babbar lamba aka cika kunnen jama'a da ita ba a jaddada cewa akwai yiwuwar guguwar ta kauce ba, alhali ana maimaita lissafin sau da yawa da ɗan canji musamman don a ga iyakar rashin tabbas ɗin.

Mu a Katsina da ba mu san dusar ƙanƙara ba, ina ruwanmu?

Ai hasashen damina da NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ke fitarwa farkon kowace shekara shi ma da irin wannan lissafin ake yi, haka na hazon hunturu da ke hana jirgi sauka. Manomin Daura in ya ji an ce damina za ta faɗi a mako kaza, ya tambaya kwana nawa za ta iya gaba ko baya kafin ya zuba irin geronsa.