Tashin hankali da halin zuci a zanen ɗab'i na littattafan adabi

Zanen ɗab'i hoto ne da ake sassaƙawa a katako ko farantin jan ƙarfe, ko a zana shi a kan dutse, sannan a shafa tawada a danna takarda, a fitar da kwafe masu yawa. Tun a ƙarni na 15 ake ƙawata littattafai da shi a Turai. Galibi baƙi da fari kaɗai mai zanen yake da su, don haka jini ba ya fitowa ja. Kaurin layi da duhu da lokacin da ya zaɓa cikin labarin su ne ke isar da firgici.

Tarihi

A 1498 Albrecht Dürer ya buga hotuna 15 na sassaƙar katako a kan Wahayin Yohanna, littafin ƙarshe na Baibul, a birnin Nuremberg na Jamus. Mafi shahara shi ne na mahaya huɗu da ke tattake mutane, inda layukan da aka jera a bayansu ke sa ido ya ji gudun dawakin. A Faransa, Eugène Delacroix ya yi wa wasan kwaikwayon Faust na marubucin Jamus Goethe hotuna 17 a kan dutse a 1828. Gustave Doré kuwa, a hotunan da ya yi wa Inferno, waƙar Dante kan jahannama (1861), ya ƙanƙantar da mutane a gindin duwatsu masu duhu har azabar ta fi ƙarfinsu. Wasu ne suka sassaƙa zanensa, kuma masana sun saɓa kan rabon kowa a yabo.

Aikin Käthe Kollwitz ta Jamus ya fi taɓa zuciya. Ta kalli wasan Gerhart Hauptmann kan boren masaƙan yankin Silesiya a 1893, ta kammala hotuna shida a wajajen 1897. Ta nuna yunwa, da mutuwa, da shawara a asirce, da macin masaƙa, da farmaki a ƙofar mai masaƙa. Harbin sojoji kuwa ba ta zana shi ba. A hoton ƙarshe gawawwaki ne kwance kusa da abin saƙa, ana shigo da wata gawar, mace na tsaye hannuwanta a sake.

Dabaru

Katako yana ba da layi mai kaifi da baƙi wuluk, ya dace da ihu da fushi. Jan ƙarfen da aka ci da ruwan asid yana fitar da siraran layuka na fuska da yatsu. Dutse yana riƙe laushin alli, ya dace da baƙin ciki.

A yau

An fi samun irin wannan aiki a littattafai na musamman da ake buga kwafe kaɗan.