Kebul ɗin hedifon mai tsada

Kebul ɗin hedifon shi ne wayar da take ɗauko sauti daga amfilifaya ko na'urar kiɗa ta kai shi kunne. Akwai irin wanda ake sayarwa daban da tsadar gaske saboda mayun sauti, wani ma sai ka ga kuɗinsa ya fi na hedifon ɗin da za a jona masa. Cikin kamfanonin da suka yi suna a harkar akwai Cardas da Kimber Kable da Nordost.

Tarihi

Abin dai daga wayar sifika ya samo asali. Kafin wajen ƙarshen shekarun 1970 ba wanda ya damu da waya, duk wadda ta zo hannu ita ake jonawa, sai wasu 'yan kamfanoni suka fara cewa ai waya ma tana da nata amon. Wanda aka fi tunawa shi ne Noel Lee da ya kafa Monster Cable a San Faransisko ta Amurka a 1979, ya riƙa bin shaguna yana kunna wa mutane kiɗa da siririyar waya sannan da tasa mai kauri don su ji da kunnensu. A shekarun 1980 kuma Farfesa Atsumi Ohno na cibiyar fasaha ta Chiba a Japan ya fito da hanyar zuba jan ƙarfe a mazubi mai zafi yadda zai daskare a hankali ƙwayoyinsa su yi tsawo sosai, shi ne OCC ɗin da ake rubutawa a jikin kwali har yau.

Hedifon sai daga baya ya shigo ciki, lokacin da waɗanda ake iya cire wayarsu a sa wata suka yawaita. Sennheiser HD 600 da ya fito wajen 1997 da ƙanensa HD 650 na 2003 sun taimaka ƙwarai, don kusan duk mai haɗa kebul sai da ya yi musu nasa. Shi kuwa babban fulogin nan mai milimita 6.35 ya girme su duka nesa ba kusa ba, tun ƙarni na 19 ake aiki da irinsa a allon haɗa layin tarho. Na baya-bayan nan shi ne mai 4.4 da ake kira Pentaconn, daga Japan, wajen 2016.

Kayan haɗi

Jan ƙarfe marar iskar oksijin, ko azurfa zalla, ko jan ƙarfe da aka yi wa rufin azurfa. Azurfa ta fi jan ƙarfe wuce da lantarki da kusan kashi 6 cikin 100, wanda ƙara wa jan ƙarfen ɗan kauri kaɗan ya isa ya cike wannan giɓin. Zinaren da ke bakin fulogi maganin tsatsa ne kawai.

Abin da awo ya nuna

Cikin abubuwan da ake aunawa, a waya mai tsawon mita ɗaya ko biyu turjiya ce mai magana, wato yadda abu yake tare wa lantarki hanya, ita ce ake lissafawa da om. Yawancin kebul turjiyarsu ba ta wuce om 1 ba. In ka haɗa wannan da HD 600 mai om 300, ƙarar da za ta ragu wajen desibel 0.03 ce, ba kunnen da zai kama wannan gaskiya. Amma ƙananan na cusawa a kunne masu om 16 ko ƙasa, nan ragin ya kai rabin desibel, kuma da yake wasunsu turjiyarsu hawa da sauka take daga kaurin sauti zuwa siririnsa, to waya tana iya ɗan karkata amon, bes ya ɗan ƙaru ko sama ta ɗan dushe. Nan ne bambanci na haƙiƙa ya fi fitowa. Sai kebul na balans, shi ƙarin ƙarfin da ake ji daga amfilifayar yake zuwa, amfanin wayar shi ne kunnen dama da na hagu kowa da layin komawarsa.

Akwai kuma ƙarar gogayya, wato kwaf-kwaf ɗin da kake ji idan waya ta shafi riga, wannan kam kowa ya yarda kebul ya fi kebul.

Taƙaddama

Masu sha'awa suna cewa azurfa tana sa sauti ya yi haske, jan ƙarfe kuma ya yi ɗumi, har da cewa sabon kebul sai ya sha awoyi ana kunna shi kafin ya nuna. Injiniyoyi da yawa ba su yarda ba, suna kafa hujja da gwajin ABX inda mai sauraro bai san wace waya aka jona ba kuma an daidaita ƙarar, don wanda ya ɗan fi ƙara shi kunne kan ɗauka ya fi daɗi. A 2007 James Randi, wani mai rufa-ido da ya yi suna wajen fallasa iƙirarin ƙarya, ya sa dala miliyan 1 ga duk wanda ya iya bambance wata wayar sifika ta dala 7,250 a irin wannan gwaji, aka yi ta cacar baki, gwajin bai yiwu ba.