Tsatsar Jan Ƙarfe a Mahaɗar Wayar Lasifika

Tsatsar jan ƙarfe ita ce dattin da ke hawa kan silin waya idan ya daɗe a buɗe. Iskar oksijin ce ke fara rina shi, daga ja zuwa baƙi. In danshi da gishiri suka shiga, sai ya yi kore. Ba ta cinye waya da sauri kamar tsatsar baƙin ƙarfe, amma ba ta barin wuta ta wuce sosai.

A ƙauyukan Kano da Jigawa, wayar lasifikar masallaci da ta gidan kallo galibi haɗin hannu ce: a fere roba, a murɗe sili biyu, a naɗe da leda. A wannan mahaɗa matsalar take. Lasifikar gida yawanci om 4 ce ko 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar da abu ke yi wa wutar lantarki), wato turjiyarta kaɗan ce, don haka ɗan cikas a bakin waya ya isa ya rage murya ko ya kawo ƙarar-ƙarar. Sau da yawa amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ake ɗora wa laifi, alhali lafiyarta ƙalau. Abin ya fi tsananta da damina, musamman a Agusta, da kuma a ɗakin da ake cajin batirin sola mai ruwa, saboda tururin asid. Gumin yatsa ma na ƙara tsatsar.

Kafin kariya, sai an tsabtace. Idan wayar na da tsawo, yanke bakin da ya yi baƙi a fere sabo ya fi sauƙi. In ba haka ba, a goge da samfefa mai laushi, ko a jiƙa da lemon tsami da gishiri, a ɗauraye, a busar sarai, domin ragowar tsamin kan dawo da tsatsar cikin hanzari.

Haɗin da ya fi ƙarko shi ne liƙi da dalma irin ta masu gyaran rediyo, wadda ke narkewa a wajen digiri 190 na ma'aunin Salshiyas. Sai dai bakin da za a ɗaure da noti gara a bar shi ba dalma, don tana lotsewa a hankali, ɗaurin ya saki. A matse shi tam, a shafa basilin kaɗan a kai. Mahaɗar da ke waje a naɗe ta da salatif na lantarki, a lanƙwasa wayar ƙasa yadda ruwan sama zai ɗige kafin ya iso ta.

Akwai kuma waya mai araha wadda alminiyon ce aka yi wa rufin jan ƙarfe. In an kankare ta, fari ke fitowa. Ta fi saurin lalacewa a danshi, kuma da zarar rufin ya goge dalma ba ta kama ta.