Waiwaye: Daga Shaidar Mai Unguwa Zuwa Katin Zaɓe

Akwai masu kiran a tsananta neman takardun shaidar zama ɗan ƙasa don hana baƙi zaɓe, amma bari mu waiwayi tarihi tukuna. Lokacin da aka yi zaɓen 1951 a Arewa, magidancin da ke biyan haraji ne ke da damar shiga zaɓen matakin farko, kuma babu wanda ya nemi takardar haihuwarsa, domin mai unguwa ya san shi, ya san ubansa. Matan Arewa kuwa ba su sami damar kaɗa ƙuri'a ba sai a 1976.

Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya rataya zama ɗan ƙasa ta haihuwa a kan asalin iyaye da kakanni, alhali asali a ƙasar Zazzau a bakin mutane yake, ba a takarda ba. Har yau wanda ke neman takardar shaidar asali a ƙaramar hukumar Zariya ko ta Sabon Gari sai ya bi ta hannun mai unguwa da hakimi, shi kuwa wanda ungozoma ta karɓi haihuwarsa a gida yakan tafi kotu ya yi rantsuwa a kan shekarunsa, duk da cewa dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa.

Haɗarin wannan hali ya bayyana a 1980, sa'ad da gwamnatin tarayya ta kori Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, zuwa Chadi bisa zargin cewa ba ɗan Nijeriya ba ne. Kotu ce ta mayar masa da haƙƙinsa. Idan hakan ta faru da mai muƙami, ina ga talakan da ba shi da ko ƙyallen takarda?

Tun daga rajistar yatsu ta 2011, zuwa na'urar karanta kati a 2015 da BVAS, na'urar tantance masu zaɓe ta yatsa ko fuska, a babban zaɓen 2023, abin da hukumar zaɓe ta INEC ke tantancewa shi ne ko mai riƙe da kati shi ne wanda ya yi rajista. Lambar shaida ta ƙasa (NIN) ma ba ta warware batun asali ba, tunda ana ba da ita ga baƙin da ke zaune bisa ƙa'ida. Shi ya sa nake ganin masu kiran a tsananta neman takardu don hana baƙi zaɓe za su fi cutar da tsohuwar da aka haifa a Tudun Wada fiye da baƙon da suke tsoro. A ƙarshen 2024 INEC kanta ta ba da shawarar a bar wanda katinsa bai zo hannu ba ya yi zaɓe da takardar rajistar da kwamfuta ta fitar, muddin BVAS ta gane yatsansa ko fuskarsa.