Kiristocin Bishara da Batun Kare Muhalli

Kiristocin bishara su ne mabiya ɗarikun Furotesta da suka ɗora addininsu kan Littafi Mai Tsarki, tuba ta zuciya da yaɗa bishara. Bakinsu bai zo ɗaya ba kan muhalli, kuma saɓanin ya faro ne daga ayoyi biyu na Littafin Farawa, kashin farko na Littafi Mai Tsarki. A sura ta 1 aya ta 28 an ba mutum iko kan duniya. A sura ta 2 aya ta 15 an sa shi a gonar Aidan don ya nome ta, ya kuma kula da ita. Wasu sun fi riƙe ikon, wasu amanar.

Muhawarar ta yi zafi a 1967, lokacin da masanin tarihi Lynn White ya ɗora wa Kiristancin Yammacin duniya alhakin lalacewar muhalli. Francis Schaeffer, malamin Kiristocin bishara, ya mayar da martani a 1970, yana mai cewa halitta tana da daraja saboda Mahaliccinta. Daga baya aka kafa A Rocha, ƙungiyar Kiristoci masu kare muhalli, a Fotugal a 1983, kuma a 2006 shugabannin Kiristocin bishara 86 a Amurka suka sa hannu kan kiran a tunkari sauyin yanayi. Ɓangaren Calvin Beisner, wani malaminsu a Amurka, ya ƙi, yana ganin taƙaita amfani da man fetur da kwal zai fi cutar da talaka. Wasu kuma, masu jiran ƙarshen duniya nan kusa, ba su ga amfanin gyara gidan da za a rushe ba, hujjar da ba ta ciyar da manomin da gonarsa ta koma rairayi.

Wani aiki mai babban tasiri kuwa a ƙasar Hausa aka yi shi. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki da ƙungiyar mishan ta Kirista mai suna SIM a Maraɗi, ya gaji da dashen itatuwan da ke mutuwa. Sai ya lura cewa ƴan tsirran da ake sarewa lokacin sharar gona toho ne na kututturan da saiwarsu ke raye. Manomi zai zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, ya sassabe sauran, ya kare su daga awaki da wuta. Kalgo da sabara da gawo suka dawo, a fili mai faɗin hekta kusan miliyan 5 a Nijar. An ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, ko da yake gumin na manoman ne, akasarinsu Musulmi.

Ga Hausawan Sudan, na Maiwurno da Gadarif da Damazin, wannan ba baƙon ilimi ba ne. Sun san dakwara, wadda Larabawa ke kira hashab, da ake bari ta sake toho a gonar da aka hutar har ta ba da ƙaro. Sun kuma ga yadda noman tarakta da ƙona gawayi suka cinye dajin Gadarif, duk da dokar da ta ce a bar kashi 10 cikin 100 na gonakin damina ga itatuwa. Kiristocin bishara na Sudan, da yawansu ƴan tsaunukan Nuba da Nilu Shuɗi, manoma ne su ma, kuma farin 1984 bai tambayi addinin kowa ba kafin ya kashe dawa da shanu.