Waiwaye: Wa ke biyan mai jari idan kamfanin dillanci ya durƙushe?

Duk lokacin da wani kamfanin zuba jari ya rufe ƙofa da kuɗin jama'a, tambayar da ake fara yi a majalisun Katsina, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Babbar Kasuwa, ita ce ko gwamnati za ta biya. Amsar tana rataye ne a kan abu biyu: wane ne ya riƙe kuɗin, kuma ta wace hanya suka salwanta. Akwai asusun diyya a dokar Najeriya, amma da'irarsa ƙarama ce, kuma yawancin asarar da mutanenmu ke yi a wajenta take faɗawa.

Malamanmu sun daɗe da sanin tushen maganar. A babin ƙiradi na fiƙihun Malikiyya, idan mai dukiya ya ba wani jari ya juya, aka yi asara ta kasuwa, asarar ta mai dukiya ce, shi kuwa mai juyawa wahalarsa ce ta tafi a banza. Ba a ɗora masa biya sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka yi yarjejeniya a kai. Dokokin diyya na zamani a kan wannan rabuwa suka tsaya: faɗuwar farashi daban, cin amana daban.

An kafa kasuwar hannayen jari ta Legas a 1960, ta fara ciniki a 1961, aka mai da ita ta ƙasa a 1977. Hukumar SEC mai sa ido a kanta ta samu a 1979. Amma masu ajiya a banki su suka riga samun kariya. An kafa NDIC, hukumar inshorar ajiyar banki, a 1988, kuma da fari naira 50,000 take lamunce wa kowane mai ajiya idan banki ya rushe. Shi kuwa wanda ya damƙa wa dillali takardun hannun jarinsa, dillalin ya sayar ya cinye, sai dai ya bi kotu shekara da shekaru, sau da yawa ya tarar ba abin da za a kama. A Amurka irin wannan ta faru a ƙarshen shekarun 1960, inda kamfanonin dillanci da dama suka durƙushe, shi ya sa aka yi dokar 1970 da ta haifar da hukumar kare masu zuba jari ta SIPC, wadda yanzu ke lamunce har dala 500,000 ga kowane abokin hulɗa. Ita ma ba ta biyan faɗuwar farashi.

Mutanen Katsina da yawa sun shiga kasuwar ne tsakanin 2004 da 2007. Babban Banki a ƙarƙashin Charles Soludo ya wajabta wa kowane banki jarin naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25, kuma suka fito neman kuɗi daga jama'a ta hanyar sayar da hannayen jari. Ana cike fom a rassan bankuna da ke titin IBB a Katsina, da na Funtuwa da Daura, ma'aikata da 'yan fansho da 'yan kasuwa kowa na saye, wasu har da bashin da bankin ne da kansa ya ba su. A watan Maris na 2008 darajar kasuwar ta haura naira tiriliyan 12, kafin shekara ta zagayo ta faɗi ƙasa da rabin haka. A Agustan 2011 aka karɓe bankuna uku, Afribank da Spring da Bank PHB, wanda ya samo asali daga haɗewar Platinum da Habib, bankin da 'yan arewa suka sani sosai. Masu ajiya ba su rasa kuɗinsu ba. Masu hannun jari kuwa sun tashi a tutar babu, kuma babu asusun da ya biya su, domin mai hannun jari mai kamfani ne, shi ne na ƙarshe a layi idan ana rabon abin da ya rage. Har yau akwai gidajen da takardun nan ke cikin adaka, ana jiran ranar da za a kira su.

Faɗuwar ta tona wani abu kuma. Da masu jari suka je duba abin da ya rage musu, wasu suka tarar dillalai sun sayar da hannayen jarinsu ba da izininsu ba, wasu an karɓi kuɗinsu ba a saya musu komai ba. Irin wannan asara aka yi asusun dominta. Dokar zuba jari ta 2007, wadda marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu, ta wajabta wa kowace kasuwar hannayen jari ta kafa asusun kare masu zuba jari, a hannun kwamitin amintattu. Asusun yana biyan wanda ya yi asarar kuɗi saboda karayar arzikin kamfanin dillanci da ke cikin kasuwar, ko sakacinsa, ko sama da faɗi da daraktansa ko ma'aikacinsa ya yi da abin da aka ba su amana. Sai dai aiwatarwa ta yi tafiyar hawainiya. Sai a 2012 aka ƙaddamar da kwamitin amintattun asusun kasuwar, biyan farko kuma ya zo a 2015, da iyakar naira 400,000 ga kowane mai da'awa. A ƙarshen 2015 SEC ta ƙaddamar da nata asusun na ƙasa da naira biliyan 5, don kamfanonin da ke da rajista da ita amma ba dillalan kasuwar ba ne, da iyakar naira 200,000.

Waɗannan adadi sun yi kaɗan tun a lokacin, kuma faɗuwar naira ta ƙara rage su. Naira 400,000 a 2015 ta kai kimanin dala 2,000, yau ba ta kai dala 400 ba. NDIC ta nuna yadda ya kamata a yi: ta ɗaga tata iyakar zuwa naira 200,000 a 2006, zuwa 500,000 a 2010, sannan zuwa miliyan 5 a 2024, kuma da sabon adadin aka biya masu ajiyar bankin Heritage da aka soke lasisinsa a watan Yunin shekarar. Kariyar mai jari ma tana buƙatar irin wannan bita a kai a kai, in ba haka ba malamin makarantar da ya zuba kuɗin sallamarsa gaba ɗaya zai karɓi abin da bai wuce ban-haƙuri ba.

Babbar ɓarakar dai ba a nan take ba. Daga kamfanonin ninka kuɗi na 2007, zuwa MMM da ta daskarar da asusun jama'a a Disambar 2016, zuwa CBEX da ta rufe a Afrilun 2025, babu ko ɗaya da ke cikin da'irar diyya, domin ba su da rajista da SEC. A nan ne ake yawan ruɗar mutane da takarda mai hatimi ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Wannan takarda shaida ce kawai cewa an yi wa sunan kamfani rajista, ba izinin karɓar jarin jama'a ba ce. Haka kuma cewa da ake yi kasuwancin halal ne, noma ne ko kiwo ko sayen hatsi a ajiye, ba ya maye gurbin lasisi, kuma duk wanda ya yanke maka riba tabbatacciya kowane wata ya riga ya fita daga ƙa'idar ƙiradin da yake fakewa da ita. Sabuwar dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun ga masu irin wannan damfara. Hukunci ne ga mai laifi, ba biya ba ne ga wanda aka cuta, wanda sai abin da EFCC ta iya ƙwatowa zai sa wa rai.

Ga wanda yake hulɗa da kamfani mai rajista, kariyar da ta fi diyya ƙarfi ita ce hannayen jarin su kasance da sunansa a ma'ajiyar CSCS, inda ake ajiye bayanan wanda ya mallaki kowane hannun jari, wadda ta fara aiki a 1997. Kowane mai jari yana da lambar shaidarsa a ma'ajiyar, wato CHN. Idan dillali ya rushe, abin da ke ƙarƙashin wannan lamba ba dukiyar dillali ba ce, ana mayar da shi hannun wani dillalin. Matsala tana tasowa ne idan mutum bai taɓa neman sanin lambarsa ba, ko ya bar lambar wayar wani a fom ɗin har saƙon ciniki ba ya zuwa masa, ko ya sa hannu a takardar umarnin sayarwa da ba a cike ba. Tun 2016 kuma akwai tsarin da kuɗin abin da aka sayar ke shiga asusun bankin mai jari kai tsaye ba tare da sun bi ta hannun dillali ba, kuma ya kamata kowa ya tabbatar an sa shi a ciki. Kuɗin saye a tura su asusun kamfani, ba na ma'aikaci ba, ko da ɗan unguwa ne.

Idan ta ɓaci, ana fara rubuta ƙorafi ga kamfanin, wanda ƙa'idar SEC ta ba kwanakin aiki 10 ya warware. In bai yi ba a kai ga sashen sa ido na NGX, wato kasuwar hannayen jari ta ƙasa, ko ga SEC, wadda ofishinta mafi kusa da Katsina yake Kano, daga nan kuma akwai kotun musamman ta harkokin zuba jari. Asusun ba ya biya sai an tantance da'awar, kuma tantancewa takarda take so: rasidin biyan kuɗi, takardar cinikin da dillali ya bayar, bayanin asusun CSCS, da katin shaida mai suna iri ɗaya da na asusun. Wannan na ƙarshe yana kayar da mutanenmu da yawa, wanda ya sayi jari da sunan Sani Daura alhali BVN ɗinsa na ɗauke da Muhammad Sani Abdullahi, sai an yi rantsuwar kotu an daidaita kafin a saurare shi. Magada kuma ba a kula su sai sun zo da takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci, tare da shaidar rasuwarsa.