Passivhaus: Gidan da Ke Riƙe Ɗuminsa

Passivhaus wani ma'aunin gini ne da ya samo asali a Jamus, wanda ake tsara gida a kansa ta yadda zai riƙe ɗuminsa da kansa, har ya zama da kyar yake buƙatar na'urar ɗumama ɗaki a tsakiyar hunturun Turai. Ma'aunin bai damu da siffar gida ko kayan da aka yi shi da su ba. Da katako ne, da bulo ne, da kankare ne, duk ɗaya, matuƙar lissafin makamashinsa ya cika.

Tunanin ya fito ne daga tattaunawar da aka yi a 1988 tsakanin Farfesa Bo Adamson na Jami'ar Lund da ke Suwidin da masanin kimiyyar lissafi ɗan Jamus, Wolfgang Feist. Gini na farko, jerin gidaje huɗu manne da juna a unguwar Kranichstein ta birnin Darmstadt a Jamus, an tare a cikinsa a 1991. A 1996 Feist ya kafa cibiyar Passivhaus a wannan birni, kuma ita ce ke kula da ƙa'idojin har yau. Kafin nan akwai waɗanda suka share fage, musamman wani gidan gwaji da aka gina a Regina ta Kanada a 1977.

Sharaɗin da ya fi shahara shi ne kada ɗumama gida ya ci fiye da kilowat-awa 15 a kowane murabba'in mita a shekara, wato kwatankwacin lita ɗaya da rabi na man ɗumama gida. Tsohon gida a Jamus yana iya cin ninki goma na wannan.

Wanda ya san filas ɗin shayi ya riga ya fahimci rabin zancen. Ana lulluɓe bango da rufi da daɓe da kayan hana zafi ratsawa masu kauri, wani lokaci kaurin ya kai santimita 30. Tagogi kuwa gilashinsu ninki uku ne, akasari da iskar argon a tsakani, kuma a Turai ana fuskantar da manyansu kudu don ranar hunturu ta shigo. Sai a kiyaye duk inda ƙarfe ko kankare zai ratsa bango daga ciki zuwa waje, kamar gindin baranda, domin ta nan ɗumi yake sulalewa, a nan ne kuma danshi yake taruwa. Idan an yi haka, zafin jikin mutanen gida da na girki da na firji da fitilu ya isa ya ɗauki kaso mai yawa na aikin.

Inda magina suka fi shan wahala shi ne toshe kafofi. Bayan an gama aiki, ana kafa babbar fanka a bakin ƙofa, a rufe ko'ina, a zuƙe iska har bambancin matsin iska tsakanin ciki da waje ya kai faskal 50 (faskal ma'aunin matsi ne). Iskar da ke kutsawa ta kafofi ba za ta wuce kashi 60 cikin ɗari na iskar gidan a awa ɗaya ba. Ramin da mai aikin waya ya huda ya manta bai liƙe ba yana iya kayar da gida a wannan gwaji.

Gidan da aka toshe haka dole a ba shi hanyar numfashi. Wata na'ura ce ke fitar da gurɓatacciyar iskar kicin da banɗaki, ta shigo da sabuwa, kuma a cikinta iskar da ke fita tana miƙa wa mai shigowa aƙalla kashi 75 cikin ɗari na ɗuminta ba tare da sun gauraya ba. Ana iya buɗe taga, saɓanin abin da mutane da yawa suke zato.

Masu suka suna kawo tsadar aikin farko, da kuma cewa na'urar iska tana son a riƙa canza mata abin tace iska a kai a kai. Sukar da ta fi nauyi dai ita ce ta zafin bazara: gidan da ya iya riƙe ɗumi, idan ba a yi wa tagoginsa inuwa ba, sai ya koma tanda. Shi ya sa ƙa'idar ta ce zafin ciki kada ya haura digiri 25 fiye da kashi 10 cikin ɗari na sa'o'in shekara.

Birnin Brussels na Beljiyam ya wajabta ma'auni mai kama da wannan ga sababbin gine-gine tun 2015, unguwar Bahnstadt ta birnin Heidelberg a Jamus kuma an gina ta ne gaba ɗaya a kansa. Ga tsofaffin gidaje da ake gyarawa akwai ma'auni mai sassauci da ake kira EnerPHit, wanda a yanayi irin na Jamus ya yarda da kilowat-awa 25.